Amiral Maazou, Mai Girkin Tsoho

A Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, duk wani ɗan Nijar ya san Malam Maazou, amma da sunan Amiral, wato babban hafsan sojan ruwa. Matarsa Halimatou ce ta raɗa masa, kuma ba don girmamawa ba.

Mutumin Damagaram ne. Ya zo Faransa a 1971 bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, ya samu aikin girki a wani jirgin ruwan yaƙi a Toulon. Jirgin irin masu gudun nan ne da ke farautar jiragen ƙarƙashin teku. Sunansa na takarda dogo ne, Maazou dai Tsoho yake ce masa.

Tarihin Tsoho a bakinsa yake kamar karatun allo. An ƙera shi a Amurka ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya yi ta rakiyar jiragen kaya, bam ya taɓa cire masa gefen hanci aka ɗinke. Bayan yaƙi aka bai wa Faransa shi, ya koyar da sababbin sojoji. In Maazou na ba da labarin a ƙofar masallaci, "muka" yake cewa. Muka kutsa, muka harba. Shi kuwa Maazou an haife shi shekara biyar bayan gama yaƙin.

Abin da ba ya faɗa shi ne, lokacin da ya hau, an riga an cire injin. An ɗaure jirgin a bakin tasha ya zama wurin kwanan ma'aikata. Shekara huɗu Maazou yana feraye dankali a jirgin da bai motsa ko taku ɗaya ba.

Bara aka aiko masa takarda daga Paris: tsofaffin ma'aikatan jirgin za su yi taro. Ƴarsa Hassia, mai karatun injiniya a Villeurbanne, ita ta raka shi. Ya sa babbar riga ya kafa hula.

Mutum shida suka rage, biyu a keken guragu. Aka nuna hotuna, aka karanto sunayen tekuna da shekaru. Sai shugaban taron, Monsieur Kervella, ya ce mai girki ya tashi ya ce wani abu.

Hassia ta raɗa masa, "Baba, s'il te plaît, don Allah, ban da 'muka harba'. Waɗannan sun sani."

Maazou ya miƙe, ya daɗe yana kallon hoton babbar igwar da ke gaban jirgin.

"Wannan igwar," in ji shi, "ni ne na ƙarshe da ya yi aiki da ita. Ranar Lahadi nake ɗaura igiya daga bakinta zuwa ƙarfen bene in shanya kilishi. Zafin rana a Toulon bai kai na gida ba, amma yana yi."

Sai wani tsoho a keke ya ɗaga hannu.

"Ashe kai ne. Wata uku ina binciken abin da ke tara tsuntsaye a kan igwar nan. Har rahoto na rubuta."

"Ka ci kuwa, mon capitaine," in ji Maazou. "Ce maka na yi daga gida aka aiko."

Suka yi ta dariya har mai kula da tsohon ta kawo masa ruwa. Daga nan taro ya lalace. Wannan ya tuna ɓeraye, wancan ya tuna famfon da ke zubo ruwa ja. Maazou ya ba su labarin ranar da aka ja Tsoho zuwa inda za a yanka shi a sayar da ƙarfe. Ya roƙa aka bar shi a ciki. Tafiyar awa biyu ce, ita ce kaɗai tafiyarsa a teku, kuma kansa na cikin bokiti yana amai ya yi ta.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon, Hassia ta tambaye shi ko ya iya iyo.

"Iyo kuma? Akwai gada daga jirgin zuwa tudu."

Ya gyara zama, ya ce kada ta gaya wa uwarta zancen bokitin. Hassia ta ce ai tun suna tasha ta aika mata.