Sauran Shida

Inusah mai guga ne. Duk wanda ya zauna a Catford cikin mutanenmu wajen 1983 zuwa 1989 ya san shi, in bai san sunansa ba to ya san karin wandonsa. Ɗan zangon Kumasi ne, dogo, mai kaifin ido, magana kuma sai ka ja shi. Ya iso London a 1976 da akwatin ƙarfe ɗaya, ya wanke kwanuka, ya share ofisoshi, daga baya ya samu wani shagon wanki da guga kusa da tashar jirgi ya zauna. Shi da matarsa Abibatu suna saman gidan da muke haya, ni Murja da maigidana Mainasara, wanda ke aiki a gidan rediyo, muna ƙasa. Ƙofar waje ɗaya muke shiga.

Ni Bakanuwa ce, bakina kuma ba ya shiru, don haka tun farko Hausarsa na sa a gaba. A wurin Inusah mace da namiji duk "ya" ne. Sai ya ce, "Matata ya tafi kasuwa." In ce, "Malam Inusah, yaushe Abibatu ta fito da gemu?" Ya yi murmushi ya haye sama. Shekara biyar ina yi masa wannan tsiyar, ku riƙe wannan, domin nan ne abin kunyata yake.

Yana da wata al'ada. Kowace Alhamis, ranar hutunsa, bayan azahar zai sa kwat da taye, ya ɗauki wata jaka falle mai kusurwa huɗu ya maƙale a hammata kamar za a ƙwace, ya hau bas ɗin Croydon. Sai la'asar sakaliya ya dawo. In ka tambaye shi, ya ce, "Akwai wanda nake gani." Shi ke nan. Ban taɓa damuwa ba, har shekarar 1988.

A shekarar ne bizar ƙanena Bukar ta ƙare, yana zaune a ɗakinmu na baya, ko shago ba ya zuwa sai da fargaba. A watan Maris kuma ma'aikatan shige da fice suka je wurin wankin mota suka kama Masawudu, wani ɗan Tamale da kowa ke so, cikin mako uku aka sa shi a jirgi. Kai tsaye suka je kansa, ba su tambayi kowa ba. Aka shiga kallon juna. A masallaci gaisuwa ta gajarce, mata kuma in an haɗu wurin sayen doya tambaya ɗaya ce: wa ya faɗa? Kowa ya san inda babban ofishin shige da fice yake. A Croydon yake.

Wata Laraba ina shara a gindin matakala, ƙofarsu a buɗe, na ji Abibatu tana ce wa Inusah ya huta gobe, tun da cikinta ya tsufa. Sai na ji muryarsa sarai.

"Ba zan iya cancel ba, yana jira na. Wancan sati, shida kawai na ba shi, ya gaji. Gobe zan ba shi sauran shida."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na shiga ɗaki na zauna na fara ƙirga da yatsu waɗanda na san takardunsu ba su cika ba. Na kai goma sha ɗaya, Bukar ya cika sha biyu, wato shida da shida. Wallahi yau in aka ce in sake wannan ƙirgar ba zan san yadda na haɗa ta ba, amma a ranar ta zauna daram.

Na faɗa wa Mainasara. Ya ce, "Murja, mu a wurin aiki sai mun ji daga baki biyu muke faɗa." Na ce masa ƙanena ba labarin rediyo ba ne. Washegari na faɗa wa Anatu mai sayar da atamfa, na ce kada ta faɗa wa kowa, alhali na san wadda na zaɓa. Kafin Juma'a ta zagayo, maganar ta kai Peckham ta dawo da ƙari: wai an ga takardar sunayen a cikin jakar.

Ba wanda ya tare shi. Mutane dai suka daina kai masa guga. A sahu, wanda ke gefensa sai ya tuna yana da buƙatar sake alwala. Inusah ya ci gaba da sa tayensa ranar Alhamis, ni kuma wannan ya ƙara tabbatar mini, na ce dubi ƙarfin hali.

A watan Mayu Abibatu ta haihu, 'ya mace, bayan shekara goma sha ɗaya suna jira. Ya aro kujeru arba'in, aka dafa shinkafa da wake da tuwon zafi tukunya-tukunya. Mutum bakwai suka zo, har da liman. Ina ƙasa ina jin ƙarar kujerun da ake ninkewa tun kafin la'asar. Matakala goma sha huɗu ce tsakaninmu, ban hau ba. Da yamma ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwanon abinci, ya ce, "Sunansa Jamilatu." Na karɓa, na zuba a kwandon shara.

Amma fa ba a kama kowa ba. Wata biyu suka wuce, Bukar yana nan yana cin tuwona. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce jira suke su haɗa su gaba ɗaya. Wata Alhamis na yafa mayafi na bi shi, ina so in gani da idona don in samu abin da zan tsayar wa Mainasara. Ya hau saman bas, na zauna a ƙasa can baya.

A Croydon ya sauka ya nufi dogon ginin nan na shige da fice da layin mutanenmu ke zagaye shi. Ya wuce shi, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya bi wani layi mai itatuwa, ya tsaya a ƙofar wani gidan kula da tsofaffi, ya danna ƙararrawa. Sannan ya juyo ya dube ni inda na raɓe a bayan wata mota.

"Maman gida, ka zo mu shiga. Tun Catford na gan ka."

Na bi shi, don ba ni da inda zan sa kaina. A wani falo mai warin magani, kusa da taga, wata tsohuwar Baturiya tana zaune cikin kujera, an rufe mata ƙafa da bargo, idonta a buɗe amma ba ta kallon komai. Ya durƙusa ya gaishe ta da Turanci, ba ta amsa ba.

"Shi ne ya ba ni ɗaki lokacin da na zo," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Gida tara na buga, kowa ya rufe ƙofa. Shi ya buɗe. Shekara huɗu ina gidansa. Yanzu bai san kowa ba, ɗansa yana Australia."

Ya zuge jakar. Faifan garmaho ne. A jikin kwalin akwai hoton wata mawaƙiya 'yar Amurka da farar riga, kusurwoyin sun cinye an manne su da salatif. Ya ce mijin tsohuwar ya saya mata tun shekarun 1950, kuma duk Lahadi da rana shi take sawa tana guga, a wurinta ma ya koyi fitar da kari. Da ya bar faifan a nan wani ya ɗora masa kofin shayi, shi ya sa yake tafiya da shi gida. Ya zaro shi da gefen yatsu, ya goge da wani ƙyalle mai laushi, ya ɗora a kan garmahon falon, ya sauke allura.

Ni ba ma'abociyar waƙar Turawa ba ce. Aka fara da ƙaho a hankali, sai goge, sai muryar matar ta shigo, mai kauri, ba gaggawa, kamar mai lallashin yaro. Kafin a gama baiti na farko yatsun tsohuwar suka fara motsi a kan bargo. Leɓenta ya kama kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda ba. Ta juyo ta dube shi ta ce, "Inusah, ka ci abinci?" Da Turanci ta faɗa, amma na ji.

Na ɗauki kwalin don in ɓoye fuskata. A bayansa an jera sunayen waƙoƙin, shida a gefe ɗaya, shida a ɗaya gefen. Na ƙirga sau biyu. Ni da na shekara biyar ina yi masa dariyar "ya", ranar da ya kamata in tuna sai na manta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ji ina ma ƙasa ta buɗe.

Na ce, "Malam Inusah, ka san abin da ake faɗa a kanka?"

"Na sani."

"Ka san wa ya fara?"

"Matakala yana kai magana sama kamar yadda yake kawo shi ƙasa."

"To me ya hana ka faɗa wa mutane gaskiya?"

Ya dubi faifan yana juyawa. "In kawo su nan su kalli wannan tsoho kamar abin kallo, don su yarda ni mutum ne? Shekara goma sha biyu suna salla da ni."

Na bi gidaje daga baya, har da na Anatu, na ce ƙarya na yi. Wasu suka yarda, wasu suka ce ya saye ni. Bukar ya samu takardunsa a 1990. Inusah kuwa tun kafin nan ƙaramar hukuma ta ba su gida a Abbey Wood suka tashi, kuma ban ji ya sake gayyatar kowa wani taro ba. Jamilatu ta girma ba ta san ni ba.

Amma a ranar, da waƙa ta shida ta ƙare, allurar tana ƙaf-ƙaf a tsakiyar faifan, tsohuwar ta riƙe masa hannu ta ƙi saki. Ya dube ni, ya nuna garmahon da haɓa.

"Maman gida, ka juya masa. Sauran shida."

Na tashi na juya faifan, na sauke allurar.