Ledar Ruwan Kaka

A aji biyu na sakandare malamin Turanci ya koya mana cewa dirif shi ne ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, kamar ta famfon da bai rufu sosai ba. Ni kam a gidanmu na Ƙofar Ran ma'anarsa ɗaya ce: ledar ruwan da ake rataya wa Kaka, Allah ya jiƙanta.

Kaka ba ta yarda an yi mata magani ba in ba a yi mata ƙarin ruwa ba. Ka miƙa mata ƙwaya, ta ce, "Wannan tsabar, ku ba kaji." Duk damina kuwa sai zazzaɓi ya kayar da ita. Sai a kira maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Bogoro da muke ce wa Anti. Ta sauke kalanda, ta rataye ledar a ƙusar, ta daidaita ɗan maƙullin robar, ta koma gida. Ni ake bari gadi.

Ranar da nake son faɗa, ƙawayena suna jirana mu je kasuwar Wunti karɓo ɗinki. Ledar ta ƙi raguwa.

"Ƙawata, harara ba ta ƙara masa gudu," in ji Kaka.

Tana fara gyangyaɗi na murza maƙullin. Ɗigon ya koma zare. Har daɗi na ji, ina neman mayafina.

Tari ne ya tashe ta. Ta dafe ƙirji, numfashi yana fita da ƙyar, ta kasa ko kiran sunana. Ba takalmi na faɗa gidan Anti. Da kumfar wanki a hannu ta zo, ta rufe ruwan, ta tayar da Kaka zaune, ta tokare bayanta da matasai. Ta daɗe tana riƙe da wuyan hannunta kafin ta yi magana.

"Zuciyar tsohuwa ba randa ba ce da za a juye mata bokiti. Wa ya taɓa?"

"Ni ce," Kaka ta faɗa da sauran haki. "Kwanciyar ta ishe ni."

Anti ta dube ni.

Sai wajen la'asar numfashin ya daidaita. Kaka ta sha kunu, ta goge baki, ta ce, "Gobe ma ke za ki yi gadin. Amma hannuwan nan, a kansu za ki zauna."