Telan da Ya Naɗe Yatsunsa da Salatif

Maɓallai nawa ka saka yau da safe? Na san ba ka ƙirga ba. Telan bakin layinmu ya ƙirga: bakwai ne a rigar makarantar 'yarsa, biyar a gaba, biyu a hannu.

Shekarunta goma, yana kiranta Uwata. Ciwon gaɓɓai ne da ita, irin mai naci. Tana shan magani, tana ganin likita, amma da safe yatsunta a ƙage suke tashi. Mamanta ke saka mata maɓallan, ƙannenta na kallo. Ran nan ƙaramin ya ce, "Yaya ta koma jaririya." Daga ranar ta ce ita da makaranta sai wani lokaci.

Tela ya hau keke ya ɗinka mata riga mai faɗin wuya, ba maɓalli ko ɗaya. Ta juya ta gaba da baya.

"Baba, wannan ai rigar asibiti ce. Kowa da maɓalli sai ni?"

"To, Uwata, a yi haƙuri, tela ya yi kuskure."

Ta biyu ya sa mata abin mannewa irin na takalman yara. Da ƙyar ta ɓare shi, ya kuma yi ƙara, sai ta ce duk ajin za su waigo. Nan ya gane da lafiyayyun yatsu yake gwaji. Ya naɗe nasa da salatif har suka daina lanƙwasuwa, ya zauna tsakanin ƙyallaye yana kokawa da riga. Maƙwabcinsa mai aski ya leƙo.

"Maigida, keken ne ya cije ka?"

"Aiki nake koyo."

"Da furfurarka?"

Riga huɗu ya ɓata. A ta biyar ya ɗinke maɓallan a sama don ado, ya ɓoye ƙananan maganaɗisu irin na jakar mata a ƙarƙashi, hannun kuma ya sa zaren roba.

Da safe ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Mamanta ta miƙe za ta taimaka mata, tela ya ce ta zauna. Can ta fito, maɓallai bakwai cif, ta dubi ƙanen.

"Kai, ɗauko min jakata, za mu makara."

Gobe da safe ka naɗe yatsunka da salatif, ka gwada saka rigarka. In akwai irin yaron nan a gidanku, ka tambaye shi wane maɓalli ne ya fi ba shi wuya, ka fara da shi.