Hoton Mai Fuska Huɗu

Inna, mahaifiyata, ta yi shekaru tana yi wa wata tsohuwa Ba'indiya girki a Tudun Wada. Mijin matar malamin makaranta ne, ya rasu a nan Jos, ita kuma ta ƙi komawa ƙasarsu. In na tashi daga aiki nakan biya mu hau bas tare da Inna zuwa gida Rikkos.

A kusurwar falon tsohuwar akwai hoton wani dattijo mai fuska huɗu, kowacce da farin gemu, yana zaune a kan furen bado. Hannuwansa ma huɗu ne, ga littafi, ga carbi, ga 'yar buta. Inna ba ta yarda ta kalle shi. In za ta share wurin sai ta kawar da kai tana a'uziyya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa bakina ba ya shiru, na tambaya. Tsohuwar ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, sunansa Brahma, a addininsu shi ya halicci duniya, fuskokin nan suna duban gabas da yamma da kudu da arewa. Ta ce ko a can masu bauta masa kaɗan ne, ya gama aikinsa mutane suka koma wajen wasu. Mahaifinta ne ya zana shi da hannunsa.

Wata damina rufin ya yi yoyo, ruwa ya cinye rabin hoton. Ba a jima ba ciwo ya kwantar da tsohuwar. Rannan a gabana ta riƙe hannun Inna ta ce a al'adarsu irin wannan hoton in ya lalace ba a jefa shi a bola, ba a ƙona shi, a ruwa mai gudu ake saka shi. Ɗanta da ke Legas ba ruwansa da waɗannan abubuwa.

"Kai za ka yi mini," in ji ta.

Inna ta ce to.

Da tsakiyar rani tsohuwar ta rasu. Ɗan ya zo ya kwashe kaya, Inna ta tsamo hoton daga cikin tarkacen da za a zubar. Muka je gadar Farin Gada muka leƙa: ruwa kwance, baƙi, duk leda da ruɓaɓɓen tumatir. Inna ta ce wannan ai bola ce. Ta naɗe hoton a zane ta kawo shi gida, ta ɗora a kan kabad ɗin ɗakinta.

Baba ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce gunki a gidansa, mala'ikun rahama ta ina za su shigo? Inna ba ta musa ba, don ita ma abin da ke cin ranta ke nan. Ta daina salla a ɗakin. A tsakar gida take shimfiɗa darduma da asuba, cikin sanyin Jos mai shiga ƙashi, har tari ya kama ta. Ta rame, ba ta ko yi kukan matar ba. Wallahi haushi ya ishe ni. Na ce, "Inna, ki ba ni in cinna masa ashana mu huta. Wa zai sani?"

"Ai na ce mata to," in ji Inna.

Haka muka zauna har ruwan fari ya sauka, aka ƙara wani mai ƙarfi. Washegari Baba ya dawo daga kasuwa tun kafin azahar, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko kashe babur ba.

"Rafi ya kawo," ya ce wa Inna. "Ɗauko mayafinki."

Na bi su a acaɓa. Inna ta gangara ƙarƙashin gada, ta cire takardar hoton daga cikin gilashin da aka saka ta, ta durƙusa ta ɗora ta a kan ruwa da hannu biyu. A lokacin ne na ga ta kalli hoton, karo na farko. Jan ruwan ya juya shi sau ɗaya ya wuce da shi. Baba yana sama ya ba mu baya.

Da muka koma gida ta yi alwala, ta ɗauki dardumarta daga tsakar gida ta shiga ɗaki. Bayan ta sallame ne muka jiyo kukanta.