Waken da Baffa Ya Buɗe Mana

Har yau in aka ɗora wake a gidana ƙamshi ya tashi, wani yammacin kaka a Gombe nake tunawa, kuma na san ba zai fita a raina ba har in bar duniya.

Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa, kantuna sun cika da kayan gwangwani. Ina koyarwa a firamare, maigidana yana aikin gwamnati, muna haya a wajen unguwar Arawa. Mu mutanen kudancin Gombe ne, masu zuwa coci. Waɗanda muke gida ɗaya da su Fulani ne, wani direban babbar mota da matarsa, sai mahaifinsa da kowa ke kira Baffa. Fari ya cinye masa shanu kaf, ɗan ya ɗauko shi daga ruga ya kawo shi gari. Tun da ya zo ya ƙi abinci. Surukarsa ta dama fura, ta tuƙa tuwo, ta yi lallashi har da kuka, duk a banza. Kurɓi ɗaya zai yi ya ture ƙwarya ya ce, "Ni da ban fita kiwo ba, abincin me zan ci?" Muna ji muna gani dattijo yana ƙarewa a kan tabarma, abin yana ci mini rai.

Ana nan sai uwata ta aiko da sabon wake daga ƙauye. Yarana kuwa sun ishe ni da zancen waken gwangwani da suka ɗanɗana a gidan wani akawu. Na ce kai, wake dai da aka haife ni a cikinsa? Bari in dafa musu irinsa. Na ari tukunyar ƙasa wajen surukar Baffa, na tafasa waken da ɗan kanwa, na soya albasa da tumatir da tattasai a man gyaɗa, na ɗiga zuma. Na rufe tukunya na binne ta a garwashi tun azahar. Kafin magariba miya ta yi kauri, ƙamshi ya cika gida.

Yara sun zauna da cokula ke nan sai maigidana ya ce, "To, wa zai buɗe mana?" A garinmu ba a cin sabon amfanin gona sai babban gida ya fara kai loma ya sa albarka, ga shi namu manyan suna can nesa. Har na buɗe baki zan ce a bar zancen, birni muke, sai idona ya faɗa kan Baffa. Na ɗauki tukunya da tsumma, yara suka biyo ni, na durƙusa a gabansa na yi masa bayani.

Ya ce, "Ku je ku ci abinku, 'yata."

Na ce, "Ba mu isa ba, Baffa. Kai ne babba a gidan nan. In ba ka taɓa ba, da yunwa za su kwana. Ni dai na sauke nawa."

Ya dubi autata, tana tsaye da cokali, yawu har haɓa. Na zuba masa a kwano na ajiye a gabansa. Can ya yi bisimilla ya kai loma. Ya tauna, ya ɓata fuska ya ce, "Wake babu man shanu?" Surukarsa ta tashi da gudu har tana tuntuɓe, ta ɗauko. Aka zuba, ya ce bari ya ji ko ya daidaita. Wajen jin daidaituwar nan sai da ya cinye rabin kwano, sannan ya ɗaga hannu ya yi wa yaran addu'a da Fulatanci. Na juya baya don kada ya ga hawayena.

Daga ranar ko gyaɗa ce sabuwa, ko dankali, sai an kai wa Baffa ya buɗe, har maƙwabta suka koya. Da damina ta zo ya sami ɗan fili a Tumfure ya shuka wake. Kaka na yi sai ga shi a ƙofata da ƙwarya cike, ya ce, "Ɗora tukunya, 'yata, in buɗe muku."

Duk tausayin da muka yi wa Baffa bai sa ya ci ko loma ba, sai ranar da muka ce muna bukatarsa. Shi ya sa yanzu in na ga tsoho ya janye jiki daga mutane, ba na ce masa sannu kawai. Aiki nake nema masa wanda in ba shi ba, babu mai yi.