Inshorar da Ba Ta San Sautu Ba

Har yau idan masu ƙananan shaguna a Deira ta Dubai suka tambaye ni ko su sayi inshorar nan da ke biyan kuɗin akanta mai duba lissafi idan hukumar haraji ta zo bincike, sai in tuna da tawa. Ni na saya. Ban taɓa makara wajen biya ba, ranar da na neme ta kuma ta nuna ba ta san ni ba.

Shagona a Al Sabkha yake, wani ɗan tsukuku kusa da tashar bas, ina sayar da abaya da gyale da turaren wuta. Idan mutum biyu suka shigo, na ukun sai ya tsaya a bakin ƙofa. Amma nawa ne. Sunana ne a lasisin, bizata ma a kansa take rataye, kuma a garin nan ban mallaki komai ba bayan shi.

Akantana wani dattijon Ba'indiye ne mai sanyin murya. Shi ya kawo min maganar inshorar lokacin da aka shigo da harajin ribar kamfanoni. Ya ce bincike ba sai mutum ya yi laifi ba, kuma aikin amsa tambayoyin hukuma da awa ake biyansa. Maƙwabcina, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shagon takalma, da ya ji labari sai da ya riƙe ciki don dariya. Su a can asirans suke ce wa inshora.

"Hajiya, asirans kuma? Ki ba mutane kuɗinki don masifar da ba ta zo ba? Khalas, shi ke nan, ki bar wa Allah."

Na ce, "Na bar wa Allah, Alhaji, amma zan biya."

Ranar na ji kaina wata wayayya, har da 'yar taƙama a tafiyata.

Abin da babu wanda ya tambaye ni a kai shi ne sautu. Duk Bahaushen da ke zaune a Dubai ɗan aike ne, ko ya so ko bai so ba. Wannan ta ce a sayo mata sarƙa, wancan ya ce waya, wata labule da kafet. Su ba ɗan canji naira a Kano, shi kuma ya sa a zubo min dirhami a asusun shago, don da katin asusun nake duk wata sayayya. Ba na cin ko sisi a kai, wani lokacin ma ni ke cika kuɗin kago na aika kayan don kunya. Mai sautu mafi yawa ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Matan unguwa kaf ita suke kawo wa nasu, ita kuma ta haɗa ta turo min, tana alfahari da cewa 'yarta na Dubai.

Sai ga saƙon hukuma. Sun ga kuɗin da ke shiga asusun sun fi cinikin da na bayyana, suna son bayani. Ba su ci min mutunci ba, tambaya suka yi, kuma tambayar tana kan hanya. Akantan ya zaunar da ni, ya ɗora yatsa a kan wani layi a takardar banki.

"Madam, wannan wane kwastoma ne?"

"Ba kwastoma ba ce, gwaggota ce."

"Kin ba ta rasit?"

Dariya ta kuɓuce min. Shi bai yi ba.

Duk da haka na kira masu inshora da ƙwarin gwiwa. Wata yarinya mai zaƙin murya ta karanto min wani sharaɗi: idan an gauraya kuɗin kasuwanci da waɗanda ba na kasuwanci ba a asusu ɗaya, babu ruwansu. Na ce mata amana ce, kuɗin mutane ne suka biyo ta hannuna suka wuce. Ta ce ta gane, ta ba ni haƙuri, ta tambaye ni ko akwai wani abin da za ta taimaka min da shi. Da ina kusa da ita da na nuna mata abin da za ta taimaka min da shi. Tun daga ranar kowace awa ta akantan a wuyana take.

Shi kuwa mutumin kirki ne, ya nemo min gajeriyar hanya. Ya ce duk wanda ya taɓa turo sautu ya sa hannu a takarda cewa kuɗinsa ne, ya haɗo da hoton katin shaidarsa. Wasu suka yi. Wasu, waɗanda a da ba sa barin wayata ta huta, suka daina ɗauka. Amma na Gwaggo ne mafi nauyi, don haka na kira ta bayan la'asar, na gaishe ta gaisuwa mai tsawo, sannan na lallaɓa na faɗa.

"In sa hannu?" in ji ta. "A kan me?"

"Cewa kuɗin da kike turowa naki ne, Gwaggo, ba cinikina ba ne."

"Ni da na goya ki a bayana? Yau ke ce mai neman shaidar takarda a kaina? Na taɓa cinye miki wani abu?"

"Wallahi ba ni ke nema ba, hukuma ce."

"To ki gaya wa hukumar uwarki ce."

Ta kashe waya. Kafin mako ya zagayo dangi sun yi min ca. Wai Dubai ta canza ni, wai ina so in rubuta sunan tsohuwa in miƙa wa gwamnatin Larabawa. A wajenmu takarda tsakanin uwa da 'ya zargi ce, na sani, ni ma a haka na tashi. Sanin bai rage min takaicin ba. Na yi kuka a ɗakin da muke haya mu huɗu a Hor Al Anz, fuskata a cikin filo don kada sauran su ji.

Dole akantan ya bi doguwar hanya. Kowane sautu sai ya nemo inda na kashe kuɗinsa, daga mai zinare zuwa mai labule zuwa ofishin kago, yana roƙon tsofaffin rasitai yana haɗa su da ranakun shigar kuɗi. Watanni aka kwashe. Abin da na tanada don sabunta lasisi da hayar shago, shi na riƙa tsakura ina ba shi har ya ƙare. A ƙarshe hukuma ta gamsu ban ɓoye ciniki ba, ta ci ni 'yar tara kan rashin tsara takardu. An wanke ni tas, aljihuna ma an wanke shi. Lasisi ya mutu, na mayar wa mai gini makullinsa.

Alhaji ɗan Maraɗi ne ya ɗauke ni aiki, ya mayar da bizata ƙarƙashin shagonsa. Na gode masa, ina kuma jin haushinsa, don shi da bai sayi komai ba har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Masu tambayata nakan ce musu su saya in suna da hali, amma su fara zaunar da mai sayarwar su yi masa bayanin sautu tukuna. Inshorar nan don shagon da ba shi da dangi aka yi ta.

Bayan babbar Sallah wata mata da ta zo sari daga Kano ta neme ni har shagon takalman, ta miƙo min leda. Yaji ne da daddawa, sai takardar nan a ninke, da dangwalen babban yatsan Gwaggo a ƙasa. Da yamma saƙon muryarta ya shigo.

"'Yar nan, na huce, na yafe miki. Ga takardarki nan, ki kai musu su bar ki ki sarara. Allah ya sa wa shagon albarka."

Babu wanda ya gaya mata shagon ya rufe, ni ma ban iya ba. Ina tsaye rungume da kwalayen takalman wani, ina hangen tsohuwar ƙofata inda wani yaro ɗan Pakistan ke jera rigunan waya. Na danna wayar na ce, "Amin, Gwaggo. Na gode."