Ƙunshin da na sa wa 'yata ana gobe shiga kotu

A shekarar da abin ya faru ina zaune a Yalwawa, cikin Dutse, ina sana'ar daddawa, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi ɗan rubutun da nake yi muku yanzu. Ƙarshen bazara ne, hadari na haɗuwa yana watsewa ba ko ɗigo, kowa a takure. A unguwa an san ni da haƙuri, har maƙwabta na tsokanata wai ko akuya ta ci mini tuwo sannu zan ce mata. Ashe haƙurin nawa bai gamu da gwaji ba ne.

Auren 'yata ya mutu a Aujara, ta dawo gida da ɗiyarta 'yar shekara huɗu. Da Sallah baffan yarinyar ya zo ya ɗauke ta, wai za ta gaida kakarta kwana biyu, daga nan shiru. Manya suka sa baki, ba a dawo da ita ba, dole muka kai ƙara kotun shari'a. Duk wanda muka tambaya cewa yake magana ce mai sauƙi: muddin uwa ba ta yi wani aure ba, riƙon ƙaramar yarinya nata ne.

Amma ni akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Ranar da aka kwaso kayan 'yata, surukarta ta ce a gaban mata wai ta koma gidan daddawa, ƙudaje ne kaɗai za su yi zawarcinta. Don haka ana gobe zama na kira mai ƙunshi, na aro leshi da sarƙa a maƙwabta, na turare kayan har hayaƙi ya cika ɗaki. 'Yata ta ce mini, cikin ladabi, hijabinta ya isa, ai ba biki za mu ba. Na ce mata ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba. Ta miƙa hannuwanta.

Da muka shiga kotu, duk matan da ke kan benci cikin hijabi suke, ba mai ko jan baki. Wata tsohuwa ta matsa mana wuri tana tambaya ko yanzu nan ake kawo amarya, ni kuwa na ɗauka yabo ne. Da aka kira mu, baffan ya miƙe a natse, ya gaida alƙali, ya roƙi Allah gafarta Malam ya dubi hannun mai ƙara. Ya ce a garinsu amarya kaɗai ake yi wa irin wannan ƙunshi, sun ji an sa mata rana, su kuma ba za su bar jininsu ta zama agola a gidan wani ba. Alƙali ya tambayi 'yata ko gaskiya ne. Kunya ta kama ta, ta shiga cusa hannuwa cikin mayafi, sai ta zama kamar mai ɓoye laifi.

A nan na tafka kuskure na biyu. Ba wanda ya kira ni, na miƙe daga baya na ce ƙarya yake, duk zuriyarsu maƙaryata ne, har maganar ƙudaje sai da na tono. Alƙali ya tambayi ko wace ce ni, aka ce kakar yarinya ta wajen uwa. Ya dube ni ya ce, a hankali, wato in uwar ta yi aure, wannan ce za a miƙa wa riƙo? Ya sa aka fitar da ni. Ta taga na ji an ɗage zama sai an kawo shaidu, yarinya kuma ta zauna inda take.

Ɗagewa ta haifi ɗagewa, sai bayan girbi gaskiya ta fito aka ba mu yarinyar. Zazzaɓin damina ya kwantar da ita a can ba uwarta kusa, ta dawo a rame, tana ɓuya idan uwar ta miƙo hannu. 'Yata ba ta taɓa cewa laifina ne ba, wannan ya fi mini ciwo.

'Yan uwana iyaye, kotu ba wurin huce haushi ba ce. Alƙali bai san ku ba, abin da ya gani a jikinku da abin da ya fito daga bakinku shi zai fara aunawa. Ku sa tufafi masu tsabta marasa ɗaukar ido, ku yi shiru sai an tambaye ku, in an tambaya ku amsa abin da aka tambaya kawai. Ni don in rufe bakin mace ɗaya na manta abin da ya kai mu.

Washegarin zaman farko na tarar da 'yata a bakin rijiya tana dirzar hannunta da toka da lemun tsami. 'Yar fari ce, tun da na haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba. Na tsuguna gabanta na riƙe hannuwan, na kira ta da sunanta, na ce ta yafe mini.